Agogo Ba Ya Duban Fuska

Ranar da aka raba mana takardar zaɓen darussan baɗi, mu uku daga cikin 'yan matan ajinmu muka sa alama a gaban darasin kanikancin mota. Kafin a fita tara labari ya gama makaranta. Waɗansu samari suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wani ya ce wai sifana ta fi ƙarfin hannunmu, wani kuma ya ce wa zai auri mace mai warin baƙin mai. Ban tanka musu ba, don na san a baki ba zan iya da su ba. Amma tun da an ba kowa fili a wannan mujalla, kuma na san iyayenmu ma sukan karanta ta, to, ga amsata. Zan ba da labarin wata mata Ba'amurkiya mai suna Shirley Muldowney, wadda ta zama gwarzuwar tseren mota har sau uku, sa'an nan in faɗi abin da ni na gani a cikinsa.

Da farko ya kamata in bayyana irin tseren, domin ba shi ne wanda muka saba gani a talabijin ba, inda motoci da yawa ke ta zagaya fili har mai kallo ya gaji. A wannan, motoci biyu kaɗai ke karawa a lokaci guda, kafaɗa da kafaɗa, a kan hanya miƙaƙƙiya sambal, babu kwana ko ɗaya. Tsawon hanyar rubu'in mil ne, watau ƙafa 1,320, ko kuwa mita 402. In kuna so ku gane, ku ɗauki zagaye ɗaya na filin gudun makaranta ku miƙar da shi, to, iyakar tseren ke nan. A tsakanin motocin biyu akwai wani dogon ƙarfe mai jerin fitilu. Rawaya ta kama, kore ta kama, sai a taka totur. Wanda ya yi garaje ya tashi kafin kore, jar fitila za ta kama masa, ya faɗi ke nan tun bai je ko'ina ba. Wanda ya riga isa ƙarshe shi ya ci, ɗayan kuwa ya tattara kayansa. Haka za a yi ta karawa bibbiyu har a rage mutum ɗaya.

Motocin suna da aji aji, kuma babbansu duka shi ake kira Top Fuel. Motar wannan aji doguwa ce siririya kamar kibiya, tayoyin baya manya, na gaba 'yan mitsi-mitsi, inji kuwa yana bayan direba. Ba fetur take sha ba, wani sinadari ne mai suna naitirometen wanda ake gauraya shi da ɗan metanol. A zamanin da Shirley ke tashe, irin wannan mota takan cinye rubu'in mil ɗin nan a ƙasa da sakan 6, tana gudun da ya kai mil 250 a awa, watau kimanin kilomita 400. Ku tuna mu ne muke rufe ido in direban motar haya ya kai 120. Na yanzu sun fi haka nesa ba kusa ba: ƙarfin injinsu ya kai na doki 11,000, gudunsu ya wuce mil 330 a awa. Birki kaɗai ba ya tsayar da su, sai an saki laima ta baya ta kama iska. Bayan kowane gudu kuma sai makanikai sun kwance injin sun duba fistin da kuloci da sauransu, sun sake haɗa shi kafin a kira su karo na gaba.

An haifi Shirley a shekarar 1940 a garin Burlington na jihar Vermont, ta kuwa girma a Schenectady cikin jihar Niyok. Tana da shekara 16 ta bar makaranta ta auri wani saurayi bakanike mai suna Jack Muldowney, wanda a wajensa ta koyi tuƙi. Da farko a kan titunan gari take tsere da samari. A 1958 ta fara shiga fili na gaskiya a garin Fonda, a 1965 kuma ta sami lasisin tuƙa motar tsere daga hannun NHRA, watau babbar ƙungiyar da ke kula da wannan wasa a Amurka. Mijinta shi ya ƙera mata motarta ta farko, shi ne kuma makanikenta. Daga baya ta koma ajin da ake kira Funny Car, inda inji ke gaban direba, kuma a cikinsa ne ta sha ƙuna, domin motocin wannan aji a lokacin sun yi suna wajen kamawa da wuta.

Abin da ya fi jan hankalina a duk labarinta shi ne abin da ya faru a 1973. A dokar ƙungiyar, ba a ba mutum lasisin Top Fuel sai ya yi gudun gwaji a gaban direbobi masu lasisi, sun gani da idonsu, sun sa hannu. Waɗanda suka sa wa Shirley hannu su uku ne: Don Garlits, da Tommy Ivo, da Connie Kalitta, dukansu manya a wannan sana'a. Garlits ma shi ne ake ɗauka uban tafiya, kuma daga baya shi ya zama babban abokin hamayyarta, suka yi shekara da shekaru suna ja-in-ja. Da hannun mutanen nan uku ta zama mace ta farko da ta sami wannan lasisi. Ku lura fa, ba su sa hannu a kan za ta ci gasa ba, don ba wanda ya san gobe. Sun sa hannu ne kawai a kan sun ga ta iya riƙe motar, saboda haka a bar ta ta shiga.

Da aka bar ta ta shiga, ga abin da ya biyo baya. A 1976 ta ci babbar gasarta ta farko ta NHRA a garin Columbus na jihar Ohio. A 1977 ta ci manyan gasa uku a jere, ta kuma lashe kambun shekara baki ɗaya. Motarta ruwan hoda ce, da gangan kuwa ta zaɓi launin, don duk wanda ta wuce ya san mace ce ta wuce shi. Akwai wani laƙabi da aka san ta da shi tun tana ƙarama a sana'ar, wai Cha Cha, amma da ta kai inda take so ta kai sai ta yar da shi, ta ce a kira ta da sunanta.

Masu ƙorafi ba su rasa abin faɗi ba. A waɗannan shekaru Connie Kalitta ne ke shugabancin makanikanta, saboda haka aka ce ai aikinsa ne, ita zama kawai take yi a kujera. To, sai suka rabu bayan kambun 1977. Ta haɗa nata mutane, da wani saurayin bakanike mai suna Rahn Tobler, da ɗanta na cikinta John. Shekara biyu ba ta ci kambu ba, masu magana suka ce ai dama mun faɗa. A 1980 ta sake lashe shi. A 1982 ta lashe na uku, ta zama mutum na farko, mace ko namiji, da ya riƙe kambun Top Fuel na NHRA sau uku. Garlits kansa sai a 1986 ya cika nasa ukun. A cikin 1982 ɗin nan kuma, a babbar gasar ƙasa da ake yi a Indianapolis, wanda ta tarar a karon ƙarshe ba kowa ba ne illa Connie Kalitta, ta kuwa riga shi isa.

Ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan wasa, ban zaɓi wani ba. A gasar muhawara ko ta rubutun zube, wanda ya faɗi yana iya cewa alƙalai sun yi son kai, wani lokaci ma da gaskiyarsa. A nan kuwa alƙalin na'ura ce. Akwai haske da ke gitta hanya a wurin tashi da wurin isa, mota ta tsinke shi agogo ya rubuta, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Agogon bai san ko wanda ke cikin hular kwano yana da gemu ko yana da kitso ba. Mutanen da suka yi ta cewa mace ba za ta iya ba, ba wawaye ba ne, da yawansu sun fi kowa sanin mota. Kuskurensu ɗaya ne: sun yanke hukunci kafin a gwada. Hausawa kuwa sun riga sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan kuskuren shi ne na samarin ajinmu. Ba wanda ya taɓa ganin ɗayanmu riƙe da sifana, balle ya ga ta kasa.

Ba zan ɓoye abin da ba shi da daɗi a labarin ba, don na san in na ɓoye wani zai tono. A watan Yuni na 1984, a filin Sanair kusa da birnin Montreal na ƙasar Kanada, tayar gaba ta motarta ta lalace tana tsakiyar gudun kimanin mil 250 a awa. Motar ta saki hanya ta yi kaca-kaca. Ƙafafunta da hannuwanta da ƙugunta duk suka kakkarye. An yi mata aiki ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ta kuma yi wata 18 tana jinya da koyon tafiya. Da na karanta wa Baba wannan wuri sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “To, kin ji. Abin da kike so ke nan?” Na ce, “A'a Baba, ni ba tsere na ce zan yi ba, gyara nake so in koya.” Amma tambayarsa tana da nauyi, kuma na san iyaye da yawa ita ce a ransu, saboda haka bari in amsa ta sosai.

Haɗarin wannan wasa gaskiya ne, sai dai bai taɓa zaɓen mace ya bar namiji ba. A 1970, a wani fili da ke Long Beach a jihar Kalifoniya, giyabos ɗin motar Don Garlits ya fashe, ya raba motar biyu, ya yanke masa wani sashe na ƙafar dama. Yana kwance a asibiti ya tsara motar da injinta ke bayan direba, ya ci gasa da ita a 1971, daga nan kowa ya bi sahunsa. A 2008 Scott Kalitta, ɗan Connie ɗin nan da na ambata, ya rasu a hatsarin tsere a Englishtown ta jihar New Jersey, kuma mutuwarsa ce ta sa aka rage tsawon tseren manyan motoci daga ƙafa 1,320 zuwa ƙafa 1,000. Ba wanda ya ce tun da haka ta faru maza su bar taɓa mota. Abin da aka yi shi ne aka zauna aka gyara mota, aka gyara doka. Masu wannan gyara kuwa su ne makanikai da injiniyoyi, watau masu irin ilmin da mu uku muke roƙon a bar mu mu koya. In tsoron haɗari ne, ai ɗakin kanikanci na makaranta, da malami a tsaye da dokokinsa a manne a bango, bai kai madafin gidanmu haɗari ba, inda nake soya ƙosai da tafasasshen mai tun ina shekara 10.

Shirley dai ta komo fili a 1986. A 1989 ta sake cin babbar gasa a garin Phoenix, wadda ta cika mata 18 a ƙarƙashin NHRA. Ba ta ajiye tuƙi ba sai a ƙarshen 2003, tana da shekara 63. A 2001, da ƙungiyar ta cika shekara 50 ta jera manyan direbobinta 50, ita aka sa ta 5. Tun a 1983 ma an yi fim a kan rayuwarta.

Akwai abu biyu a rayuwarta da ba na so kowa ya ce na yaba. Na ɗaya barin makaranta tana shekara 16. Ita ta dace ta sami miji bakanike mai haƙurin koyarwa. Dubun dubatar 'yan matan da suka bar makaranta a wannan shekara ba wanda ya san sunansu. Mu kuwa ga darasin an kawo mana har cikin aji, da littafi da jarrabawa da takardar shaida, ba sai mun bi ta wata hanya mai nisa ba. Na biyu tseren kan titi. A nan ina da magana da yayyenmu masu wasa da mota ranar ɗaurin aure, suna juya ta a tsakiyar jama'a ƙura na tashi yara na gudu. Kada su ɗauka labarin nan nasu ne. Wani mutum mai suna Wally Parks ya kafa NHRA a 1951 musamman don a kwashe samari masu irin wannan hali daga kan titi a kai su fili mai shinge, inda ake duba mota kafin ta tashi, ga motar asibiti da ta kashe gobara a tsaye. Duk kambun da Shirley ta ci a irin wannan fili ta ci shi. Abin da ta yi a titunan Schenectady ba wanda ya rubuta shi a littafin kowa.

Sai dai kuma kada in yi wa agogo yabon da ya wuce kima. Agogo yana auna wanda ya iso layi ne kawai, bai san waɗanda aka tare a ƙofa ba. Motar Top Fuel tana cin kuɗi kamar wuta, ba mai iya riƙe ta sai da kamfanonin da za su biya don a manna sunansu a jikinta. Da kambunta uku da komai, Shirley ta yi shekaru da dama bayan 1990 ba ta da mai ɗaukar nauyinta yadda za ta bi gasar NHRA daga farko har ƙarshe, sai ta koma karawar gayyata da gasar waɗansu ƙungiyoyi. Bayan kambunta na 1982 kuwa, sai da aka yi shekara 35 kafin wata mace ta sake cin na Top Fuel. Wannan ita ce Brittany Force, a 2017, ta kuma maimaita a 2022. To, wace ce Brittany? 'Yar John Force ce, wanda ya ci kambun Funny Car sau 16, watau a gareji ta buɗe ido. A wani ajin kuma mai suna Pro Stock, Erica Enders ta ci kambu 6 tsakanin 2014 da 2023, ita kuwa tun tana shekara 8 mahaifinta ya sa ta a tseren ƙananan motoci na yara.

Na daɗe ina tunani a kan wannan. Shirley ta shiga ta hannun mijinta, Brittany da Erica ta hannun iyayensu maza. Ba wadda aka tuƙa wa mota a cikinsu, kowace da ƙafarta ta taka totur. Amma kowace sai da wani na gida ya buɗe mata ƙofar gareji ya ce shigo ki gani. Shekara 35 ɗin nan da aka yi ba mace a kan kambu, ban yarda cewa matan Amurka ne suka rasa ƙwazo a cikinsu ba. Na fi zaton ƙofofin ne ba su da yawa. Saboda haka maganata ta fi karkata ga iyayenmu bisa ga samarin ajinmu, don dariyar samari ba ta hana kowa komai, amma takardar zaɓen darasi ba ta aiki sai da hannun uba ko uwa a ƙasanta.

Game da maganar wa zai aure mu, ba ni da ta cewa mai yawa. Baƙin mai yana fita da sabulu da ɗan kananzir. Kawuna mai gareji yakan dawo gida kowace yamma da shi har gwiwar hannu, ban kuwa taɓa jin an ce matarsa ta yi yaji a kan haka ba. Kuma a unguwarmu kaɗai na ƙirga mata 7 masu tuƙa kansu zuwa wurin aiki, malamai da ma'aikatan asibiti. Na tambayi biyu daga cikinsu, duka suka ce da akwai garejin da mace ke riƙe da shi da can za su riƙa kai motarsu, su zauna a sake su yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. Game da ƙarfin hannu kuwa, na ga yaran kawuna waɗanda ban fi su tsawo ba suna kwance noti mai taurin kai ta hanyar zura dogon bututu a jikin sifana. Wannan ai darasin kimiyya ne da aka koya mana tun muna aji biyu, kuma a jarrabawarsa ban ga samarin nan a gabana ba.

Abin da muke roƙo bai fi abin da mutum uku suka yi wa Shirley a 1973 ba. A bar mu mu shiga ɗakin kanikanci zango ɗaya. Malam ya ba mu aiki iri ɗaya da na maza, da lokaci iri ɗaya, ya sa agogo in ya ga dama: wanke filogi, sauya taya, kwance kafireto a mayar. A ƙarshen zango a manna sakamako a allon sanarwa inda kowa zai gani. Wadda ta kasa a cikinmu ta koma darasin da aka zaɓa mata tun farko, ba kuka ba ƙorafi.

Ranar Juma'a ta makon jibi za a karɓi takardun. Ɗaya daga cikinmu mahaifiyarta ta riga ta sa mata hannu. Ta biyun an ce ta jira babanta ya dawo daga tafiya. Tawa kuwa tana nan a kan teburin Baba, a ƙarƙashin rediyo, na kuma ajiye masa biro a gefenta.